Girman Maraƙi: Umurni Daga Kai, Aiki a Hanta

 Darasinmu na wannan karo a kan girman maruƙa ne.

Kowa ya taɓa ganin haka a garkensa. Maruƙa biyu, uba ɗaya, rijiya ɗaya. Wanda aka haifa farkon damana ya miƙe, shekara biyu ka rantse ɗan uku ne. Wanda aka haifa tsakiyar rani ya tsumbure: kai babba, ciki ƙato, gashi a tsaye. Wasu su ce iri ne, wasu su ce baki ne, wasu su tafi kasuwa neman allurar ƙiba. To, mafi yawan lokaci amsar tana cikin hantar dabbar. In ka gane aikin da hanta ke yi wajen girma, za ka san inda ya kamata ka sa ɗan kuɗinka, da inda in ka sa su ka zubar.

1. Daga ina umurnin girma ke fitowa?

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace dabba akwai wani ɗan ƙullutun nama da ke zaune cikin ramin ƙashi. A wurin saniya girmansa bai wuce ƙwallon aduwa ba. Likitoci na ce da shi ipofiz. Shi ne ke sako wani sinadari cikin jini, wanda za mu riƙa kira sinadarin girma. Ba ya sako shi kamar ruwan famfo. Guntu-guntu yake sakowa, sau da dama cikin yini da dare, gwargwadon yadda ƙwaƙwalwa ta ba shi izini ko ta tsai da shi.

Ka ɗauki sinadarin girma kamar ɗan aiken sarki. Yana ɗauke da magana guda: a yi girma. Amma ɗan aike ba shi ke gina rumbu ba. Sai ya isar da saƙo ga wanda zai tara mutane su yi aikin. Babban mai karɓar saƙon nan a jikin dabba ita ce hanta.

2. Abin da ke faruwa cikin hanta

Hantar da kake gani wurin mahauci an gina ta ne da ƙananan ƙwayoyi masu rai, miliyoyi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya kamar ɗaki ce mai bango, a tsakiyarta kuma akwai cibiya. Cikin cibiyar ne aka ajiye littafin gado, wanda masana ke kira DNA, rabi daga uba, rabi daga uwa. Kowane shafi na littafin yana bayanin yadda za a haɗa abu guda da jiki ke bukata. Shafin da ba a buɗe ba, ba ya aiki, ko da yana nan. Ga yadda saƙon girma ke kaiwa ga shafinsa:

Na ɗaya: sinadarin girma yana zuwa cikin jini ya manne a wata makarɓa da ke jikin bangon ƙwayar hanta. Makarɓar tasa ce shi kaɗai, kamar kuba da makullinta. Shi kansa ba sai ya shiga cibiya ba.

Na biyu: da ya manne, sai makarɓar ta motsa wani mai gadi da ke riƙe da ita ta cikin ɗaki. Sunansa JAK2.

Na uku: mai gadin ya buga wa wasu ƴan saƙo na cikin gida hatimi. Sunansu STAT5. Da sun samu hatimi sai su haɗu biyu-biyu su shige cikin cibiya.

Na huɗu: a can sai su zauna a kan littafin gado, su buɗe shafin wani sinadari da ake kira IGF-1. A kwafi shafin, ƙwayar ta bi kwafin ta haɗa IGF-1, ta zuba shi cikin jini.

IGF-1 ɗin nan shi ne magini. Shi ke isa ga guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa ya sa su ƙara tsawo. Shi ke sa tsoka ta riƙe abinci mai gina jiki ta yi kauri. Yana taimakon kwan mace ya nuna, yana taimakon hantsa. Wajen kashi uku cikin huɗu na IGF-1 da ke yawo cikin jini daga hanta yake fitowa. Ƙashi da tsoka su ma suna haɗa nasu a inda suke, ta irin wannan hanya, kuma nasun yana da muhimmanci ƙwarai.

Akwai ƙarin abu biyu. IGF-1 in yana yawo shi kaɗai, cikin ƴan mintoci jiki ke share shi. Don haka saƙon nan na STAT5 yana buɗe shafin wani abin rakiya da ake kira ALS, wanda ke haɗuwa da wani ɗan'uwansa su goya IGF-1, ya daɗe cikin jini fiye da rabin yini. Na biyu kuma, akwai birki. In IGF-1 ya yi yawa, yakan koma ya gaya wa ƙwaƙwalwa a rage aike. Cikin ƙwayar hantar ma akwai wani birki mai suna SOCS2. A 2015 masu bincike a Faransa sun samu tumaki irin Lacaune waɗanda birkin nan nasu ya lalace tun daga gado. Sun fi ƴan'uwansu girma da nono, amma sun fi su kamuwa da ciwon hantsa. Ka ga ke nan birkin ma da amfaninsa.

3. Yaya aka san haka?

A 1957, wasu masana biyu a Amurka, Salmon da Daughaday, sun yi gwaji da ɓeraye waɗanda aka cire wa ipofiz. Suka sa guringuntsinsu cikin kwano, suka zuba masa sinadarin girma kai tsaye, bai yi wani motsin kirki ba. Amma da suka yi wa ɓeran allurar sinadarin, suka ɗebi ruwan jininsa suka zuba wa guringuntsin, sai ya kama aiki. Daga nan aka gane akwai wani abu na tsakani. A 1978 aka tantance ginin wannan abu a birnin Zurik na ƙasar Suwis, shi ne IGF-1.

A 1966 wani likita a Isra'ila, Zvi Laron, ya ba da bayanin wasu yara gajeru ƙwarai, alhali jininsu cike yake da sinadarin girma. Daga baya aka gano makarɓarsu ce ba ta aiki. Akwai kuma kajin turawa wadanni masu irin wannan lahani a makarɓa. A 2003 aka samu wata yarinya mai makarɓa lafiya lau, amma STAT5 ɗinta ne da lahani, ita ma ba ta yi tsawo ba. Duk labarin ɗaya ne: ko ɗan aike ya zo sau ɗari, in saƙo bai shiga ciki ba, babu girma.

Irin wannan lahani na gado ba kasafai ake samunsa ba. Abin da ke toshe hanyar a garkunanmu daban ne, kuma kowace shekara yana zuwa.

4. Yunwa ce ke rufe ƙofa

Hakin damana ɗanye, irin su ƙarangiya kafin ta yi ƙaya da gadagi, yana da abinci mai gina jiki sosai. Da ya bushe a tsaye, rana da iska da gara suka bi ta kansa, sai ya koma kusan kara. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi, waɗanda ke narkar wa dabba da haki, suna bukatar abin gina jiki ya kai wajen kashi 7 cikin 100 na abincin. Busasshen hakin bazara sau da yawa bai wuce kashi 3 ko 4 ba. Shi ya sa za ka ga saniya ta cika ciki amma tana ramewa. Ga kuma doguwar tafiya tsakanin makiyaya da rijiyoyin kwarin Tarka, ita ma tana cin ƙarfi.

Hanta ita ce ta fara sanin halin da ake ciki, don yawancin abin da hanji ya tsotsa ta wurinta yake fara bi. In ta ga abin da ke shigowa ya ragu, sinadarin insulin ma ya yi ƙasa, sai ta rage yawan makarɓun da ke bangon ƙwayoyinta, ta kuma danne saƙon da ke shiga ciki. IGF-1 ya faɗi. Ƙwaƙwalwa ta ga ya faɗi, sai ta ƙara aiko sinadarin girma.

A nan ka buɗe kunne da kyau. Maraƙin da yunwa ta tsumbure, sinadarin girma bai yi ƙaranci a jininsa ba. Sau da yawa ma ya fi na ƙosasshen maraƙi yawa. Hanta ce ta ƙi amsawa. Sinadarin da ya taru kuwa sai ya juya ga kitse, ya riƙa narkar da shi don dabba ta rayu. Shi ya sa tozo ke kwantawa, haƙarƙari ya fito.

Wannan dabara ce ta tsira, ba cuta ba ce. Mai gidan da rumbunsa ya kusa ƙarewa ba ya ta da sabon gini. Da ita shanunmu na Azawak da Bororo ke ƙetare rani. Amma tana da tsada, kuma waɗanda suka ga 1973 da 1974, da 1984, da 2005, da 2010 sun san tsadar. Bayan dabbobin da suka faɗi, waɗanda suka tsira ma sun daɗe ba su koma haihuwa ba.

Ga inda asarar take fitowa:

Maraƙi. In haki ya fito, hanta takan mai da makarɓunta, IGF-1 ya tashi cikin ƴan makonni, dabba ta yi girman ramuwa da sauri. Amma ramuwar ba kullum take cika ba. Ɗan shekara biyu yakan rama yawancin abin da ya rasa. Maraƙin da yunwa ta kama yana ɗan wata biyu ko uku, ko wanda ta daɗe a kansa ƙwarai, yakan tafi da gibin har girmansa.

Karsana. Nauyin jiki ne ke kai ta ga neman bijimi, fiye da yawan shekaru. Kowace bazarar da ta tsaya cik tana tura haihuwarta ta fari gaba.

Saniya mai shayarwa. Nono yana jan jikinta, abinci bai isa ba, IGF-1 ya yi ƙasa, kwanta ya ƙi nuna. Sai ta tsallake shekara ba ta ɗauki ciki ba. Ɗan maraƙi guda ke nan ya tafi, da nonon shekara.

5. Ciwo ma yana rufe ta

Ko da abinci, dabbar da ke fama da zazzaɓi, gudawa, ko tsutsar ciki, jikinta yana sako sinadaran yaƙi da cuta, su kuma suna taka birkin nan na cikin hanta. Girma sai ya jira a gama yaƙi.

Sai kuma abin da ke cin hantar kanta. Tsutsar hanta, mai faɗi kamar ganye, tana bi ta jikin dodon koɗi da ke zaune a ruwan da ba ya ƙafewa. Tafkunanmu na nan arewa da yawansu suna bushewa, don haka an fi ɗauko ta a kudu: wajen tafkin Madarunfa, da fadamu da madatsun ruwa na Katsina, Zamfara da Sakkwato, inda garkuna ke cin rani. Alamunta su ne rama, farin ido, da kumburin ruwa a ƙarƙashin haɓa. In an yanka, za ka ga hanyoyin ɗaci na cikin hantar sun yi kauri sun yi fari, wani lokaci wuƙa na ƙara a kansu.

Akwai kuma dafin fumfuna. Tunkuzar gyaɗa, dussa ko hatsin da suka jiƙe suka yi fumfuna suna iya ɗaukar wani dafi mai suna afalatoksin, wanda hanta yake nufa kai tsaye, kuma ƙananan dabbobi ya fi yi wa illa. Arahar irin wannan abinci tsada ce.

6. Maganar allurar ƙiba

Masu turka raguna da shanu suna yawan tambaya: tunda akwai sinadarin girma, me zai hana a yi wa dabba allurarsa?

Lalle akwai shi na kamfani. Amurka ta yarda da shi a 1993 don ƙara nonon shanun madara, ana yin allurar duk kwana 14. Kanada ta ƙi shi a 1999, Tarayyar Turai ma ta hana shi, saboda ƙaruwar ciwon hantsa da gurguntaka a shanun. Kuma ko a inda ake amfani da shi, ƙosassun shanu ne ke amsa shi. Saniyar da ke jin yunwa ta riga ta cika da nata, ƙofa ce a rufe. Ƙara ƴan aike ba ya buɗe ta.

Ka kuma sani, sinadarin girma ɗan gidan nama ne. In an haɗiye shi, ciki narkar da shi yake kamar kowane abinci. Don haka duk garin magani ko ƙwayar da aka ce maka sinadarin girma ne, a zuba a ruwa ko a dussa, ba gaskiya ba ne. Wasu magungunan ƙiba da ake tallansu a faranti ƙarƙashin rana dangin dekisametazon ne. Wannan maganin kumburi ne, yana da wurinsa a hannun likita. In an yi ta dirka wa dabba shi, yana cin tsoka, yana raunana garkuwar jiki, yana tsai da girman ƙanana, yana kuma iya sa mai tsohon ciki ta yi ɓari.

7. Abin da za ka yi

Na ɗaya, dakashi. Maraƙi ya sha dakashin uwarsa tun cikin awoyin farko, kada a wuce awa 6. Bayan yini guda hanjinsa ba ya ƙara karɓar garkuwar da ke ciki.

Na biyu, rabon nono. Watanni ukun farko, a bar wa maraƙi rabonsa na gaskiya, musamman na rani. Mun san gida ma yana bukata. Amma ƙwaryar nonon da aka ƙwace masa yau, da saniyar gobe ake biyan ta.

Na uku, tanadi tun kaka. Yanke haki yana da sauran kore, kafin ya zubar da iri, ka shanya shi a inuwa. Ɗaure harawar wake da ta gyaɗa ka ɗora bisa rumfa, ka rufe daga rana. Tara ƙowar wake da ƴaƴan gawo da na kalgo. Ƴaƴan gawo suna faɗowa daidai lokacin da ake neman su, don haka mai gawo a gona ya riƙe shi da kyau.

Na huɗu, zaɓi. Ba za ka iya ciyar da garke duka ba. Fara da saniya mai tsohon ciki da mai shayarwa, sannan maruƙan da aka yaye, sannan karsanar da ta kusa ɗaukar bijimi. Rabin kilo zuwa kilo 1 na dussa ko tunkuza a yini ga yayayyen maraƙi, kilo 1 zuwa 2 ga saniya mai shayarwa, tare da harawa, yana kawo bambanci babba. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako, don halittun tumbi kullum suke ci. Angurya ta manya ce, kada a ba maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba.

Na biyar, lokaci. Fara taimakon tun watan biyu ko na uku, kafin ƙashin ƙugu ya fito. Tsare ƙofa a buɗe ya fi sauƙi bisa buɗe ta bayan ta rufe. In ka ga tanadinka ba zai kai ba, fid da tsofaffi da mazan da ba ka bukata zuwa kasuwar Dakoro ko Sakabal tun suna da nama, ka sai wa saura abinci.

Na shida, gyaran haki da takin ure. Kilo 5 na ure a narke cikin lita 50 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na busasshen haki ko yankakken kara, a tattake cikin rami ko rumbun ƙasa, a rufe ruf mako 2 zuwa 3. In an buɗe a bar shi ya sha iska kafin a bayar. Hattara: ure dafi ne in dabba ta ci shi tsura ko ta sha ruwansa. Ba a ba jaki, doki, ko ƙaramin maraƙi. Karon farko ka yi shi tare da ma'aikacin kiwo.

Na bakwai, gishiri da ruwa. Dutsen lasa ko gishiri ya kasance kusa. Dabbar da ƙishirwa ta dame ta ba ta cin busasshen haki. Ka kuma tsince ledoji daga inda dabbobi ke kwana, don mai yunwa ba ta zaɓe, leda kuwa tana cika tumbi ta hana abinci wuri.

Na takwas, magani a kan ƙa'ida. Maganin tsutsar ciki farkon damana da ƙarshenta. Garken da ya dawo daga kudu a gaya wa likita inda ya sha ruwa, don ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta hanta ba. Albendazol ba a ba saniya shi cikin kwana 45 na farkon cikinta. Rigakafin shekara-shekara kada ya wuce ka.

Na tara, awo. Samo igiya guda ga kowane maraƙi. Duk tsayuwar wata ka zagaya ƙirjinsa da ita, daidai bayan ƙafafun gaba, ka yi ƙulli. In wata biyu suka wuce ƙullin bai matsa ba, girma ya tsaya. Duba abinci, duba kashinsa, duba idonsa, ka nemi ma'aikacin kiwo.

Duk abin da muka faɗa a kan shanu, haka yake ga ƴan tumaki, ƴan awaki da ƴan raƙuma, sai dai awon abincin ya bambanta.

8. Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

a) Me ya sa allurar sinadarin girma ba za ta taimaki maraƙin da ke jin yunwa ba?

b) A garkenka, waɗanne dabbobi biyar za ka fara ba dussa in ta yi ƙaranci, kuma don me?

c) Shanu nawa ne suka tsallake haihuwa a garinku bara? A wane wata suka haihu kafin nan?

d) Ina garkunanku ke shan ruwa in sun tafi kudu? Me mahautan garinku ke gani a hantarsu?

Iri mai kyau yana da amfani, babu musu. Amma iri shafi ne a rubuce, sai an buɗe shi yake aiki, abinci da lafiya kuwa su ke buɗe shi. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a bakin rijiya ko a dandali. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana garke.